Kuɗin adashin Hajiya da kwamfutar ɗalibi: me za a saya, me za a bari?

Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a aji biyu, ina karatun zanen gine-gine a nan Kano, gidanmu yana Ɗorayi. Laftof ɗin da nake lallaɓawa tun sakandare ta gaza, da na buɗe Revit, manhajar zanen gini, sai ta kama nishi ta tsaya cak. Hajiyarmu ta ɗauki adashinta, yayata ta cika, suka haɗa min naira dubu 600 in haɗa kwamfutar tebur. Monita akwai, kawuna ya ba ni tsohuwar tasa. Na shiga kasuwa neman farashi sai kaina ya ɗaure. Wani mai shago ya ce fankar da ke zuwa da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba za ta iya da zafin Kano ba, dole in sa na'urar sanyayawa ta ruwa mai fitilu, da akwati mai gilashi. Abokina ya ce in bar wannan in sayi katin girafik na hannu, RX 580, in rage kuɗin a fawa-fak, wato na'urar da ke ba kwamfuta wuta, tunda duk ɗaya ne. Wani kuma ya nuna min ta ofis ta gwanjo, Core i7, a rabin kuɗin. Ɗakina a sama yake, rufin kwano. Ba zan ɓoye maka ba, ina son in riƙa buga ƙwallo a kanta, kuma Hajiya ba ta san da wannan ba. Tsorona kada in kashe kuɗin nan ta ƙone cikin wata uku, ban san da wane ido zan kalle ta ba.

Ɗalibi daga Ɗorayi

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya saka wa Hajiya da yayarka da alheri, ya sa su ci moriyar abin da suka zuba. Kuɗin adashi ba na gwaji ba ne, don haka abin da zan yi da a ce ɗan cikina ne ya kawo min takardar nan, shi zan gaya maka.

Mu fara da mai shagon, tunda shi ya fi firgita ka. Rabin maganarsa gaskiya ce. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Kano yakan kai digiri 40 har ya haura, ɗakin sama mai rufin kwano kuwa sai ya riƙe zafin har bayan isha'i. Turawan da kake kallo a YouTube suna auna kayan kwamfuta, a ɗaki mai sanyi suke zaune, digiri ashirin da ɗoriya. Duk adadin da suka nuna maka, ɗora masa kusan 15 kafin ka ce ga abin da za ka gani a Ɗorayi a watan Afrilu. Cutar dai ya gano ta. A wurin magani ya kauce, kuma ba mamaki, maganin da ya rubuta maka shi ne wanda ke rataye a shagonsa.

Mutanenmu da sun ji an ce "ta ruwa" sai randa ta faɗo musu a rai. Randa tana sanyaya ruwa ne don jikinta yana tsatsafa, iska ta busar da damshin ta tafi da zafin, shi ya sa ruwanta ya fi ɗakin sanyi. Ta kwamfuta kuwa a toshe take, ƙanwar lagireton mota ce: ɗan famfo ya tura ruwa ya kwaso zafi daga kan furosesa, ya kai shi lagireto, fanka ta hura masa iskar ɗakin. Idan iskar ɗakinka digiri 38 ce, ruwan nan ba zai taɓa sauka ƙasa da 38 ba, ko nawa ka saye ta. Inda take da amfani shi ne kan manyan furosesa masu cin wat 200 zuwa sama, waɗanda zafinsu ke fitowa da gudun da ƙaramin ƙarfe ba zai iya kwashewa ba. Wanda kuɗinka zai saya, wat 65 aka rubuta masa. Sayen tankar ruwa ne don ban-ruwan tukunyar fulawa ɗaya.

Ga kuma ɗawainiyarta. Famfon yana mutuwa shiru, fitilu na ci gaba da walwali, kai ba ka sani ba sai kwamfuta ta fara kashe kanta kana tsakiyar zane. Ruwan yana raguwa kaɗan-kaɗan cikin shekaru, galibinsu kuma ba a yi su don a ƙara ba. Ramukan lagireton ƙanana ne, hunturu ɗaya ya ishi ƙura ta toshe su. Na'urar iska mai tsayi irin Deepcool AG400 ko Cooler Master Hyper 212, abu ɗaya ne ke motsi a jikinta, fanka, ranar da ta gaji ka sami wata a kowane layin masu gyara. Kuma in ruwan ne ya ba ka sha'awa, bututun jan ƙarfen da ka gani a jikinta akwai ɗan ruwa a kulle a ciki, yana zama tururi a kan furosesa, ya hau sama ya huce ya dawo, ba famfo ba tiyo.

Ita ma ba yau nake so ka saye ta ba. Idan ka sayi furosesa sabo a kwalinsa, akwai fanka a ciki. Fara da ita, ka sauke manhajar HWiNFO, kyauta ce, ka riƙa duba zafin lokacin da kake aiki mai nauyi da tsakar rana. Furosesan AMD da zan faɗa maka iyakarsa digiri 95, kuma idan ya kusa nan da kansa yake rage gudu, ba ƙonewa yake yi ba. In ka ga a bazara yana zama sama da 85 na tsawon lokaci, ko ƙarar fankar ta hana ka barci, to lokacin mai tsayin ya yi. Ka dai tabbata akwatinka zai ɗauke ta, tsayinsu milimita 150 zuwa 160 ne.

Abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarka ma ba mai shagon ba ne, abokinka ne da ya ce fawa-fak duk ɗaya ne. A shekarun da na yi ina buɗe kwamfutoci a garin nan, waɗanda zafi ya kashe ban da yawansu. Waɗanda wuta ta kashe kuwa na daina ƙirgawa. Akwai yaron da ya kawo min tasa bayan wani ruwan dare, an ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi. Bod, wato allon da ake jona komai a jikinsa, ya tafi, ma'ajiyar SSD ta tafi da aikinsa na zango guda. Na ciro fawa-fak ɗin, an buga masa wat 650 da manyan baƙaƙe, na ɗaga na ji shi sakayau kamar gwangwanin madara da aka shanye. Kyauta aka haɗa masa shi da akwati. Fawa-fak na kirki idan wuta ta yi hauka yakan yanke, in ma zai mutu ya mutu shi kaɗai. Na banza kuwa sai ya ja 'yan'uwansa.

Don haka kuɗin da ka yi niyyar zubawa a ta ruwa da fitilu, nan za su zo. Nemi wat 500 ko 550 na kamfanin da aka sani, irin Seasonic, Corsair ko Cooler Master, sabo a kwali, mai alamar 80 Plus Bronze. Alamar nan ƙarancin ɓarnar wuta take nunawa, ba hatimin nagarta ba ce, kuma ana manna ta ƙarya, shi ya sa sunan kamfani da kwali da garanti suke da muhimmanci. Sannan ka juya jikinsa ka karanta inda aka rubuta wutar da yake karɓa. Wanda aka rubuta wa volt 100 zuwa 240 ya fi wanda aka rubuta wa 200 zuwa 240 haƙuri da ƙarancin ƙarfin wuta, irin daren da ƙwan fitila ke ja kamar garwashi, fankar sama na juyawa kamar ba ta so. Kwamfutar da za ka haɗa yanzu ko wat 150 ba za ta ci ba, na ce 550 ne saboda katin da za ka ƙara nan gaba.

Bayansa sai UPS, na'urar nan mai batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta. Kada lambar jikinsa ta ruɗe ka, mai 650VA abin da yake ɗauka na gaske wat 360 ne ko sama kaɗan, kuma aikinsa ya ba ka 'yan mintuna ka adana zanenka ka kashe, ba ka ci gaba da aiki ba. Ka sa a gwada shi da kwamfutarka a gabanka: tana cikin aiki a zare shi daga bango. Wasu UPS masu araha ba sa jituwa da fawa-fak na zamani, da an ɗauke wuta sai kwamfutar ta mutu kamar babu shi. Wasu kuma ba sa yarda da wutar ƙaramin janareta, su yi ta kuka suna zuƙe batir. Batirin nasa ma zafi yana rage masa kwana, ka sa a ranka za ka canza shi. Da damina idan hadari ya haɗo aka fara tsawa, zare komai daga bango, wannan kariyar ba ta cin ko kwabo.

Yanzu furosesa. Da kuɗin nan, ni Ryzen 5 5600G zan ɗauka. Ya fito a 2021, kawunan aiki (cores) shida ne da shi, kuma harafin G ɗin nan na ƙarshe yana nufin akwai girafik a cikinsa, ba sai ka sayi kati ba kafin hoto ya fito. Ka lura da harafin sosai, don akwai 5600 zalla marar G, shi ba ya ba da hoto sai da kati, ko da kuwa ka ga ramin HDMI a bayan bod. A ɓangaren Intel akasin haka ne, mai F a ƙarshe, kamar i3-12100F, shi ne marar girafik. In Intel ɗin ka samu da sauƙi, i3-12100 ko i5-12400 ba su da laifi, AutoCAD da yawancin aikin Revit ƙarfin kai ɗaya suka fi dogara da shi, su kuma suna da shi. Sai dai girafik ɗin cikinsu bai kai na AMD ɗin ba, kai kuma shekara guda ko biyu za ka yi kana hawansa.

Bod ɗin 5600G ɗin B550 ko B450, ƙarami ya isa, amma ka so mai rami huɗu na RAM, wato rumbun aiki na wucin gadi. In B450 ne a tabbatar an sabunta BIOS ɗinsa, wato manhajar da ke cikin bod ɗin, don tsofaffin ba sa gane wannan furosesan, ka kunna fanka ta juya allo ya yi baƙi. RAM giga 16, DDR4 mai gudun 3200, kuma a nan kada ka yarda a ba ka sanda ɗaya mai 16. Biyu masu takwas-takwas. Girafik ɗin cikin furosesa ba shi da rumbun kansa, daga RAM yake ɗiba, sanda biyu hanya biyu ce, kamar titi mai hannu biyu ne a kan ɗan lungu. Bambancin a ido za ka gan shi. Bayan an haɗa a shiga BIOS a kunna XMP, saitin da ke sakar wa RAM cikakken gudunsa, wasu bod suna kiransa DOCP, in ba haka ba RAM ɗin zai yi ta tafiya ƙasa da gudun da ka biya. Ma'ajiya kuwa SSD irin NVMe, giga 500 ya ishe ka farawa. Hard disk mai juyawa bar shi sai ka tara ayyuka, ka saye shi na waje don ajiye kwafi.

Ta ofis ɗin nan mai Core i7, tambaya ɗaya za ka yi: i7 na wane ƙarni? Lambar da ke bin sunan ita ce shekarunsa. In ka ga i7-4770, na 2013 ne, i3 na ƙarni na 12 ya wuce shi nesa ba kusa ba. Windows 11 daga ƙarni na 8 ya fara karɓar na Intel a hukumance, Windows 10 kuma Microsoft ta daina kula da shi tun 14 ga Oktoban 2025. Ba raina na ofis nake ba, Dell OptiPlex da HP EliteDesk jakuna ne wajen juriya, ga mai buga takardu da karatu babu kamarsu a araha. Amma da yawansu fawa-fak ɗinsu da wayoyinsu na gidansu ne, ba sa karɓar na kasuwa, siraran kuma babban kati ba ya shiga cikinsu. Kai da za ka kai aji huɗu kana neman fitar da hoton gini kamar na gaske, za ta tsaya maka a hanya.

Wannan ya kawo mu kan kati. RX 580 kati ne na 2017, yana cin wat 185 shi kaɗai, wato murhu ne za ka ƙara a ɗakin da ya riga ya zama tanda. Yana kuma daga cikin katunan da masu haƙar kuɗin intanet suka fi mora dare da rana, har zuwa Satumban 2022 da kuɗin Ethereum ya daina haƙuwa da kati, aka kwararo su kasuwannin duniya. Akwai kuma wanda ake kira 2048SP, sunansa 580 amma ƙarfinsa na ƙaninsa 570 ne, na ainihin 2304 manhajar GPU-Z ke nuna masa a layin Shaders, ba 2048 ba. Haɗa irin wannan katin da fawa-fak mai araha, shi ne ainihin ƙonewar wata ukun da kake tsoro. Ka bar ramin katin a buɗe. Lokacin da aka fara neman ku da manhajar fitar da hoton gini ta Lumion ko makamancinta, waɗanda ba sa tafiya sai da kati, ka tambayi 'yan ajin gaba wace manhaja sashenku ya fi amfani da ita, ka tara kuɗi ka sayi wanda ya dace, RX 6600 mai cin wat 132 ko RTX 3060 mai giga 12. Fawa-fak ɗinka na 550 zai ɗauki kowanne. Af, tunda ana maganar manhaja, kamfanin Autodesk yana ba ɗalibai lasisin AutoCAD da Revit kyauta, ana sabuntawa shekara-shekara da shaidar makaranta. Ka nemi wannan ka huta da na sata masu zuwa da ƙwayar cuta.

Akwati kuwa, gilashin gefe ba ya cutar da kowa, in kana so ka sha kallo. Gilashin gaba ne matsala, don ta nan iska ke shiga. Nemi mai raga a gaba da matatar ƙura da ake zarewa. Fanka biyu a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Dalilin rinjayen masu shigowa shi ne iska ta cika akwatin ta riƙa fita ta kowace kafa, maimakon ta riƙa zuƙo ƙura ta ramukan da babu matata. Ɗora shi a kan tebur ko ɗan benci, ban da ƙasa, ban da kafet, ban da cusa shi a cikin kabad, ka bar tazarar taƙi guda tsakaninsa da bango. Na san gidajenmu, wata rana za ka dawo daga makaranta ka tarar an lulluɓe shi da ƙyalle mai ado kamar talabijin. In a kashe yake babu laifi, alheri ne ma, ka dai roƙi a bar shi a buɗe idan yana kunne. Hayaƙin turaren wuta shi ma yana barin danƙo a jikin fanka, ƙura ta zo ta manne, a rage yi a kusa da shi.

Da hunturu zare matatar duk mako biyu ka kakkaɓe. Sau biyu ko uku a shekara ka fitar da kwamfutar tsakar gida, ka buɗe, ka hure ta da ƙaramar bulowa, kana riƙe da fukafukan fanka da yatsa kada iska ta juya su fiye da kima. Kada ka kai ta wajen mai faci, iskar injinsa tana zuwa da damshi da mai. Kuma a busasshiyar iskar hunturu, lokacin da in ka cire rigar sanyi kake jin ƙyas-ƙyas, taɓa ƙarfen akwati kafin ka taɓa RAM ko bod.

Ranar saye kada ka tafi kai kaɗai, kada kuma ka tafi da abokin nan. Zagaya Beirut Road da Farm Centre ka ji farashi a shago uku ko huɗu kafin ka ciro ko naira, ka bar kuɗin a asusu sai an gama magana. A haɗa a gabanka. Dubi ƙafafun furosesa, na AMD ɗin nan a jikinsa suke, ko ɗaya ta lanƙwashe kada ka karɓa. In na'urar iska mai tsayin ka saya, ka ga an ɓare ledar da ke manne a gindinta da idonka, na sha cire ta a kwamfutocin da aka ce min aljanu ne ke kashe su. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfe, kamar ƙwayar wake ya isa, fankar kwali ma da nata a shafe take zuwa. Sannan a kunna a sa manhajojin gwaji, CPU-Z ya nuna maka sunan furosesa da gudun RAM, CrystalDiskInfo ya nuna awannin da SSD ya yi yana aiki, in an ce sabo ne ka ga awa dubbai ka san inda aka dosa. A sa Cinebench ya yi minti goma kana kallon zafi. A rasit a rubuta kowane abu da lambar jikinsa da kwanakin garanti, kwalayen kuma ka tafi da su gida. Mai shagon da ya ƙi yarda da gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Saura ƙwallo. Girafik ɗin 5600G zai buga maka eFootball idan ka rage ƙawar hoto, ba za ka ga gumin 'yan wasa ba, amma za ka ci abokinka. Abin da ba zan goya maka baya a kai ba shi ne a karkatar da kuɗin Hajiya zuwa kati don wasa, a bar abin da zai tsare kwamfutar, ita kuma tana can tana gaya wa ƙawayenta ta saya wa ɗanta kayan karatu. Gaya mata da bakinka cewa in ka gama aiki kakan ɗan taɓa wasa, kafin ƙannenka su riga ka, don za su riga ka. Ranar da aka kawo ta gida ka kira ta ta hau sama, ka buɗe mata zanen da ka yi, ka juya mata ginin ta ga ɗakuna da tagogi. In da canji ya ragu, ka mayar mata a hannu tare da rasit, in ta ce ka riƙe, ka ajiye shi na batirin UPS.